Kaye ya koma cikin waya, to makullin yana hannun wa?

Wani abu ya faru a danginmu bayan sallar layya, wanda na ga ya dace in kawo shi wannan fili, domin na tabbata irinsa ya riga ya faru, ko kuwa yana nan tafe, a gidajen da yawa daga cikinku, tun daga Magarya har Dungas.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwa ne na amfanin gona. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye, Bande da Washa da Yekuwa da Sasumburum, ya sayi gujiya da wake da riɗi ya tara, in farashi ya ɗaga ya sayar, wani lokaci a gida, wani lokaci a tsallaken iyaka. Irin wannan sana'a, kamar yadda kuka sani, rabinta bashi ce. Wannan ya karɓi buhu goma zai biya bayan kasuwar Alhamis ta Maigatari, wancan an ba shi kuɗin awo tun damina zai kawo kaya da kaka. Shekara talatin kawuna yana rubuta waɗannan abubuwa da ajami a cikin kaye irin na ƴan lakkol, in ɗaya ya cika ya ɗaure shi da tsumma ya jefa cikin adaka. Yau wajen shekara biyar ke nan da ɗansa ya sayo masa waya mai shafawa. Da ya gano saƙon murya na WhatsApp, sai ya ga ai an zo da abin da ya fi kaye: mutum ya faɗi da bakinsa cewa ya karɓi kaza, ranar kaza zai biya, ga muryarsa a ajiye, ba ya da halin musu. A hankali bik ya bushe, kaye ya koma abin kunna wuta.

Ran nan da safe ya kunna waya, ta tsaya a kan sunan kamfanin da ya ƙera ta, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya ba yaron shagonsa ya kai wa wani mai gyara a wani gari na tsallaken iyaka. Mai gyara ya duba ya ce sai an wanke ƙwaƙwalwarta an zuba mata sabon tsari, abin da suke kira filashin. Yaro ya ce a yi. Da la'asar waya ta dawo tana aiki sumul kamar yau aka fito da ita daga kwali, kuma babu komai a cikinta: ba lambar kowa, ba hoto, ba murya ko ɗaya.

Da dare ya kira ni da wayar ɗiyarsa. Ya ce: «Ɗana, kai da ka yi boko, ina muryoyin nan suka tafi?» Na ce: «Kawu, wa ya buɗe maka asusun Google ranar da aka sayi wayar?» Ya ce: «Wane asusu kuma? Ni ban ajiye kuɗi wurin kowa ba.» Nan na gane mun shiga uku.

Ba zan ɗora wa mai gyara laifin duka ba, ko da yake ya kamata ya tambaya kafin ya wanke. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, kundin kasuwancin yankinmu ya tashi daga takarda ya koma cikin waya ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar haka ba. Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Waɗanda suka manyanta za su tuna da Celtel, wanda ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010, da kuma Orange, wanda ya zo a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya koma Zamani. A wancan lokaci waya ta kira ce kawai, in ta faɗa rijiya abin da ka yi hasara shi ne kuɗin sayenta da lambobin abokai. Sauyin da ya fi girma a wajen ƴan kasuwar bakin iyaka ya zo ne a ƙarshen 2022 da farkon 2023, sa'ad da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a kasuwanni. Wanda ya kai rago Maigatari a watannin nan ya san abin da nake faɗi. Dole ta sa mutanen da ba su taɓa shiga banki ba suka koyi karɓar kuɗi ta waya, shaidar biya kuwa ta zama hoton da aka turo maka. A gida ma, rasiɗin aiken kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza hotonsa ake ɗauka a tura. To ka ga kaye da adaka da rasiɗai da shaidu duk sun taru a cikin abu guda da bai fi tafin hannu ba, wanda ake sawa a aljihun gaba a hau kabu-kabu da shi.

Abokan gabar kaye mun san su tun kaka da kakanni: gara, da ɓera, da ɗigon ruwa, da gobara. Na waya kuwa ba mu gama saninsu ba. Na farko zafi ne. Masu ƙera wayoyi da kansu suna cewa kada a yi aiki da su a zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a watan Afirilu da Mayu inuwa ma takan haura 40. Wayar da aka bari a gaban mota, ko a kan buhu a tsakar rana, ko aka jona ta a wuta aka tura ƙarƙashin matashi, batirinta yana tsufa da wuri. In ka ga bayanta ya fara kumbura, ko gilashin ya ɗago daga gefe, kada ka jira kasuwa mai zuwa, ranar nan za ka kwashe abin da ke ciki ka sake batir. Na biyu ƙurar hunturu ce, wadda ke cika ramin da ake jona waya har mutum ya zaci ta mutu, alhali tsinken sakace da ɗan haƙuri sun isa su tashe ta, in an kashe ta tukuna an kuma bi a hankali. Na uku kuran ne. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa lokacin da aka janye takunkumi a 2024, jama'a suka ƙara komawa ga injin janareta da farantan hasken rana da rumfunan masu sa wa waya wuta. Wutar ƙaramin inji hawa take yi tana sauka, abin jonawa mai araha kuwa ba ya tace ta. Da yawa daga wayoyin da aka ce sun mutu haka kawai, abin jonawa na dala ɗari ne ya kashe su.

Sai kuma ɗan katin ajiya da ake sawa a cikin waya. A nan akwai ha'inci da ya kamata kowa ya sani. Akwai katunan jabu da aka rubuta wa 64 GB ko 128 GB a jiki, in ka sa su a waya ita ma haka za ta nuna maka, alhali ainihin cikinsu bai wuce 4 ko 8 ba. Kati irin wannan ba ya ce maka ya cika. Karɓa yake ta yi, ko dai yana taka tsohon abu da sabo, ko kuwa yana zubar da sabon ba ka sani ba, sai ranar da ka nemi hoton wata takarda ka tarar da suna ba hoto. Gwajinsa ɗaya ne: ranar da ka saye shi ka cika shi maƙil da bidiyon da ba ka damu da shi ba, sa'an nan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun buɗe, katin na gaske ne. In kuwa an sayar maka da babban kati a kuɗin ƙarami, ba ka ma bukatar gwaji.

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in aka gwada su da maganar makulli, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya ba ni hankalinsa. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, Tecno ne ko Itel ko Infinix ko Samsung, da tsarin Android suke aiki, shi kuwa yana tafiya ne da asusun Google, wato wani adireshi da kalmar sirri. Wannan asusu shi ne ɗakin ajiyar da ke wajen wayar. Lambobin mutane suna iya kwana a can, haka ma kwafin hirarrakin WhatsApp da muryoyinsu, in an kunna abin da wayoyi masu Faransanci ke kira «Sauvegarde» a sashen «Discussions». In waya ta ɓace ko ta mutu, ka sayi wata, ka sa lambarka ta da, ka shiga asusunka na da, sai kayanka su sauko. Sharaɗi biyu ne, lamba ɗaya da asusu ɗaya. In ɗaya ya ɓace, kwafin yana nan a ajiye amma ba mai iya kai hannu gare shi.

To yaya ake buɗe wannan asusu a garuruwanmu? Alhaji ya sayi waya, ya miƙa wa wani yaro a rumfar masu zuba waƙoƙi ya ce a sa masa WhatsApp. Yaro ya ƙirƙiro adireshi nan take, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, wurin da aka nemi lambar da za a tuntuɓa in an manta kuwa ya sa tasa, domin ita ya haddace. Alhaji ya ba shi dala arba'in ya yi gaba, ba wanda ya rubuta komai. Haka aka yi wa kawuna. Da muka bi sawu, yaron ya tafi ci-rani arewa shekara uku ke nan, lambarsa ma ba ta shiga. Mai yiwuwa muryoyin kawu suna nan lafiya lau a wata na'ura a wata ƙasa, a ɗakin da makullinsa ke aljihun wani saurayi a Agadas ko Libiya, in ma bai manta da shi ba. Mutumin da ba zai taɓa yarda ya bar wa yaron tasha makullin sitonsa ba, ga shi ya bar masa na kundin bashinsa shekara biyar, don ba wanda ya gaya masa cewa makulli ne.

Gyaran wannan ba ya cin ko dala. Yau ɗin nan, kafin ka ajiye jaridar nan, ka sa wani amintacce daga cikin ƴaƴanka ya buɗe maka saitin wayar ku ga adireshin da ke ciki. Ku gwada ko kun san kalmar sirrin. In ba ku sani ba, ku yi ƙoƙarin canza ta tun wayar tana raye, domin a lokacin ne Google ya fi saurin yarda cewa kai ne mai ita. In ya ƙi, ku buɗe sabon asusu ku mai da ajiyar can. Ku sa lambarka kai kanka a wurin tuntuɓa. Sa'an nan a rubuta adireshin da kalmar a takarda, a sa inda ake ajiye takardar gona da ta haihuwa. Na san masana a Turai suna hana rubuta kalmar sirri a takarda. Su ɓarawon biro suke tsoro, mu kuwa mantuwa ta fi ɓarawo yi mana ɓarna, kuma adakar uwargida ta fi ƙwaƙwalwar yawancinmu tsaro. Akwai wata fa'ida kuma: waya mai Android in aka wanke ta, takan nemi asusun da ke cikinta a da kafin ta buɗe. An yi haka ne don a hana ɓarayi cin moriyar abin da suka sata, amma sau da yawa mai ita yake tarewa a ƙofa.

Lambar ita ma makulli ce, mu kuwa mutanen iyaka lamba biyu gare mu. Daga Tinkim zuwa Babban Mutum, ko daga Dungas zuwa Maigatari, waya takan saki rezon gida ta kama na Najeriya tun ba ka ga shingen duwan ba, shi ya sa kusan kowane ɗan kasuwa yake da pus na nan da na can. Tambayar ita ce, a kan wanne aka ɗora WhatsApp ɗin, kuma da sunan wa aka yi rajistarsa? Tun watan Disamba na 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, a 2024 kuma aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Ɗan Nijar da ya ɗora kasuwancinsa a kan layin da wani aboki ya yi masa rajista da sunansa, ranar da layin ya ɓace ko aka rufe shi ba ya da bakin zuwa ya ce a dawo masa da shi. Ko a gida, layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, WhatsApp kuma yakan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau rezo ba. Shawarata ita ce a ɗora harkar kuɗi a kan layin da ke da sunanka da katinka na ɗan ƙasa. A kuma kunna lambar sirri mai alƙaluma shida da WhatsApp ke bayarwa don tabbatarwa ta biyu. Duk wanda ya kira ka, ko da muryar malami ce ko ta jami'i, ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo maka yanzu, sunanka yake so ya sata ya roƙi abokan cinikinka kuɗi da shi.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa in ya ajiye a intanet shi ke nan ya huta. A ranar 24 ga Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta waya a Nijar har kwana goma. Wanda takardunsa ke can kaɗai ya zauna kallon gilashi. Manyan kamfanoni su ma suna ɓatar da kaya. A 2019 kamfanin MySpace na Amurka ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ajiye a wurinsa daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, sun salwanta wajen ƙaura daga wata na'ura zuwa wata. Google kuwa 15 GB yake bayarwa kyauta, tun farkon 2024 kuma kwafin WhatsApp a cikinsu yake ci, in wurin ya cika ajiya ta tsaya, kai kuwa kana can kana zaton ana yi. Bidiyon biki da na wa'azi da na kokawa da ake turowa cikin rukunoni su ke cinye wurin. A cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa, a bar murya da hoto da rubutu. Tun Disamba 2023 kuma kamfanin ya ba kansa damar share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida da na ga ta yi daidai da hankalin manomi: abu mai muhimmanci ya zama yana wuri uku, a cikin mazubi iri biyu, ɗaya kuma ya kasance nesa da gida. Wanda ya raba hatsinsa tsakanin rumbun gida da na gona da ɗakin ƙanensa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sabuntawa ita ma tana da nata tarko. Waya tana iya zama lafiya ƙalau amma zamani ya bar ta, kamar yadda ya faru a watan Oktoba na 2023 sa'ad da WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Irin wannan yanka za a ci gaba da yin sa. In lokacin canjin waya ya zo, a bi tsari: a yi ajiya a tsohuwar, a duba kwanan watan da ta nuna, a sauke a sabuwar, a buɗe tsofaffin muryoyi a ji suna magana, sa'an nan a wanke tsohuwar kafin a sayar ko a ba yaro. Mutane da yawa daga ƙarshe suke farawa.

Bari in juyo ga ƴan'uwana ma'aikatan gwamnati, kada su ce na manta da su, ko su zaci sun fi ƴan kasuwa tsira. Kwamfutar da ke biro, wadda wani shiri na masu ba da agaji ya bari shekara goma da suka wuce, a cikinta jerin sunayen ƴan makaranta yake, ko lissafin allurar rigakafi, ko rajistar hatsin da aka raba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urar ba za ta mutu don haka ba, sai dai ɓarakar da aka gano a tsarin daga baya ba lalle ne a toshe ta ba. Ƙwayar cuta kuwa a wurinmu ba ta bukatar intanet, a kan kile take yawo, daga biro zuwa shagon buga takardu, daga can zuwa gidan mushe. Akwai wadda ta fi addabar mu, mai ɓoye dosiyoyi ta bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a madadinsu. Wanda bai sani ba sai ya ce komai ya tafi, ya wanke kile da hannunsa. Alhali takardun suna nan, ɓoye su aka yi; kada ka danna kibiyoyin, ka kai wa wanda ya san yadda ake bayyana ɓoyayyun dosiyoyi a na'ura mai riga-kafi.

Abin da ya fi ƙwayar cuta ɓarna a ma'aikatu shi ne canjin wurin aiki. Ranar miƙa aiki ana ƙidaya kujeru da kabad da babur, a sa hannu a takarda, amma ban taɓa ganin an rubuta kalmar sirrin kwamfuta ko ta akwatin saƙon ma'aikata a cikin abin da aka miƙa ba. Sau da yawa ma aikin hukuma a cikin wayar ma'aikaci da asusunsa na kansa yake, in aka ɗauke shi daga Gushi aka kai shi Tanut, tarihin wurin ya hau mota tare da katifarsa. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya, wato yawancin tarihin ofisoshinta a zamanin na'ura aka rubuta shi. Ya dace magabata su tambayi kansu nawa ne daga cikinsa za a iya buɗewa a yau.

Ni ma da nake wannan wa'azi na taɓa ƙonewa, ta wata fuska da ta shafi harshen da nake rubutu da shi. Da na fara aiki, wani dattijo a sana'ar ya ba ni tarin rubuce-rubucensa na Hausa da ya buga a kwamfuta tun shekarun 1990, ya ce in adana. Da na buɗe su a tawa na'urar, duk inda ya rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ sai na ga alamar kuɗi ko ɗan akwati ko wani baƙin da ba na Hausa ba. Dalili shi ne, a zamaninsu ana amfani da wani zubin haruffa na musamman da aka yi wa dabara, a ɗauki gurbin wata alama a zana ƙ a ciki. In takardar ta je na'urar da ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta dawo. Wata biyu na yi ina bin su ɗaya ɗaya, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki. Yau akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a duk duniya, haruffanmu masu lanƙwasa suna ciki, kuma ana iya sa allon rubutun Hausa a waya kyauta. Ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar an tsai da ita da dokar ma'aikatar ilimi tun Oktoba 1999, kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In har takardun Hausa za su yawaita a ofisoshi, to a buga su da haruffan da za su buɗe a kowace na'ura, a kuma ajiye kwafin PDF na duk abin da aka gama.

In waya ta ƙi, kafin a kai ga mai gyara akwai abin da mutum zai yi da kansa. A canza igiya da abin jonawa, a bar ta a wuta rabin awa, a danne maɓallin kunnawa a riƙe na ɗan lokaci, a cire katin ajiya a sake gwadawa, domin lalataccen kati yakan hana waya tashi. In ta faɗa ruwa, kada a kunna ta don a ga ko tana aiki, kada kuma a jona ta a wuta. In duk an yi ba ta tashi ba, ka cire pus da kati ka riƙe, ka je da kanka, kada ka aiki yaro. Maganar farko da za ka yi wa mai gyara, a Magarya ne ko a Damagaram ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ita ce: abin da ke ciki ya fi mini wayar, kada ka wanke sai ka gaya mini. Gilashi da batir da ramin jonawa duk ana canza su ba a taɓa abin da ke ciki ba. Wankewa ita ce mafi sauƙi a wurin mai gyara, shi ya sa wasu suke fara kai hannu gare ta.

Akwai wata magana da ba a son yi, amma masu rabon gado sun fara cin karo da ita. Mutum ya rasu, wayarsa a kulle da zanen yatsa, bashin da yake bi da wanda ake bin sa duk suna ciki, magada suna zaune ba su san inda za su fara ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutun da ba wanda zai iya buɗewa in mai shi ya kau, ban san ko ya cika wannan manufa ba. Wannan tambaya ce da na bar wa malamai.

Shi kuwa kawu, abin da ya cece shi wani abu ne da bai zo mini a rai ba a daren farko. Saƙon murya gida biyu yake kwana, wurin wanda ya aika da wurin wanda aka aika wa. Da lambobin suka fara dawowa ta hanyar masu kiransa, sai ya zauna da ɗiyarsa suka jera sunayen waɗanda ya tuna yana bi, mutum ashirin da uku, ya bi su ɗaya ɗaya, bai ce wa kowa wayarsa ta goge ba, ya ce dai yana sabunta lissafi. Goma sha tara sun faɗi abin da ke kansu ba gardama, wasu har suka turo masa tsohuwar muryar tasu. Ɗaya ya tuna masa da buhu shida da shi kansa ya manta. Biyu sun ce sun riga sun biya, kawu bai tuna haka ba, amma ba abin da zai nuna, ya ce ya bar su da Allah. Biyun da suka rage, ɗaya yana Kano yana jinya, ɗayan kuwa, wani mai awo a wajen Malawa, tun da labarin wayar ya kai masa ta bakin yaron shago ya daina ɗaukar kira. Kawu ya sayi sabon kaye mai shafi 200, kowace Juma'a bayan la'asar yana saurarar muryoyin mako yana faɗa, ɗiyarsa tana rubutawa. Ranar Asabar mai zuwa zai hau mota zuwa Malawa, ya ce in raka shi.